Goriya, Marsa da Minu: Ilimin Ɗanɗanon Goro da Muke Bari Yana Salwanta

Kasuwar Malanville ta yi suna da albasa da shinkafa da masara da garin rogo da kifin kogin Kwara, har ana lissafa ta a sahun gaba cikin kasuwannin Jamhuriyar Benin, bayan Dantokpa ta Kwatano. A cikin wannan yalwa akwai wata haja da ba a auna ta da tiya, ba a kuma biya mata kuɗin duwan, ita ce sanin goro: mutum ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya juya ta, ya shinshina, ya gutsura, sannan ya faɗi irinta da daɗewarta da yadda aka adana ta. Mu Hausawan wannan gari mun gaji wannan sani daga fatake. Ra'ayinmu shi ne muna barin sa yana salwanta, alhali yana cikin 'yan abubuwan da za mu bugi ƙirji mu ce namu ne na kanmu a nan bakin iyaka.

Za mu fara da misali daga ƙasa mai nisa, kuma a kan abin da addininmu ya haramta. A ƙasar Sikotland, arewacin Ingila, ana yin giyar da ake kira wiski. Ba ma shan ta, ba kuma muna kiran kowa ya kusance ta ba ne. Abin dubawa shi ne yadda mutanen can suka ɗauki bambancin ƙamshi da ɗanɗano a matsayin ilimi mai ƙa'ida. Dokarsu ta shekarar 2009 ta ce ba a kiran abin sha da sunan wiskin Sikotland sai an yi shi a ƙasar, ya kuma yi aƙalla shekara 3 a cikin gangar katako. Dokar ta kare sunayen yankuna 5: Highland da Lowland da Speyside da Campbeltown da tsibirin Islay. Na Islay an san shi da ƙaurin hayaƙi, domin akan busar da sha'irinsa da hayaƙin wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun tsirrai da ake haƙowa daga fadama. Na Speyside kuwa an fi siffanta shi da ƙamshin zuma da 'ya'yan itace. A shekarar 1979 masu bincikensu suka zana wata da'ira da ta jera kalmomin ƙamshi da ɗanɗano rukuni-rukuni, domin masana biyu da ba su taɓa haɗuwa ba su yi magana da murya ɗaya. Manyan masu tantancewa a kamfanoninsu ma galibin aikinsu da hanci ne. A shekarar 2022 abin da suka sayar wa ƙasashen waje ya haura fam biliyan 6.

Ruwa da hatsi da katako ne kawai jarinsu, kuma akwai su a ƙasashe da yawa. Abin da ya ɗaga darajar hajar shi ne sun raɗa wa kowane bambanci suna, sun rubuta sunayen, sun koyar da mai saye har ya yarda ya biya ninkin kuɗi saboda abin da hancinsa ya gane. To, mu ma muna da abin da muka yi wa irin wannan hidima shekaru ɗaruruwa, halal ne kuma, yana cikin aljihun dattijo da kwanon amarya da faifan 'yar talla. Sai dai mu ba mu mayar da shi littafi ko doka ba. A baka muka riƙe shi, abin da aka riƙe a baka kuwa yana tafiya tare da mai bakin.

Bahaushe bai taɓa noma goro ba. Itacen kurmi ne, yana son inuwa da ruwan sama mai yawa, ba ya yi a ƙasarmu ta rairayi. Shi ya sa a Najeriya akan ce Yarbawa ke noma shi, Hausawa ke cin sa, Ibo ke girmama shi. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Dauda, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1421 zuwa 1438, Sarkin Nupe ya aika wa Amina ta Zazzau goro 10,000, kuma a zamanin Abdullahi Burja, daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyar Gwanja. Daga nan fataucin goro ya zama ƙashin bayan kasuwancin Hausa. A ƙarni na 19 ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega ƙarƙashin madugu, da ɗaruruwan jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da jima da gabu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki ko Jugu, ya bi ta Yandi har Salaga, inda Asante ke kawo goronsu. Wasu ayarorin a nan yankinmu suke ƙetarewa, ta Illo ko ta Gaya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan fatauci, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 kan ayarin goro. Ke nan tun kafin Faransawa su laƙaba wa Tassi sunan gwamnansu Malan, tun kafin a gina gada a 1958, goro ya san wannan gaɓa.

Tafiyar takan ɗauki watanni, goro kuwa ɗan lele ne: zafi ya yi yawa ya yi yaushi, laima ta yi yawa ya yi fumfuna, ƙwaro ya shiga guda ɗaya ya lalata saura. Dole farke ya riƙa kwance huhu a zango, ya tsince mai sankara, ya sauya ganyen fita, ya yayyafa ruwa, ya sake ɗaurewa. Wanda ya yi wannan aiki sau ɗari, yatsunsa da hancinsa sun zama malamai. Bayan Ingilishi sun ƙona Kumasi a 1874, yaƙin basasa kuma ya wargaza Salaga a 1892, hanyar ta sauya. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Akara zuwa Ikko. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman goro ya bazu a ƙasar Yarbawa, Hausawa suka kafa unguwannin Sabo a Shagamu da Ibadan domin saye da tsinta da ɗauri. Har yau Yarbawa suna kiran wannan irin goro da suna gbanja, wato Gwanja. Hanya ta sauya sau da yawa, daga jaki zuwa jirgi zuwa babbar mota, daga Salaga zuwa Shagamu da Anyama ta ƙasar Kodebuwa zuwa kasuwar Mariri a Kano, amma rabon Bahaushe a sana'ar bai sauya ba: shi ne mai zaɓe, mai adanawa, mai yanka daraja.

Mu dubi yadda kakanninmu suka rarraba goro. Ta fuskar girma akwai goriya, ita ce babba zaɓaɓɓiya wadda ake miƙa wa sarki ko suruki. Sai marsa mai bi mata. Sai saran waga. Sai minu, ƙanana da ake rabo da su idan taro ya yi yawa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, kuma ya rubuta waɗannan sunaye huɗu kamar yadda ya ji su, har ya ƙara da sunayen da ake ba goro gwargwadon lokacin tsinkarsa. Fiye da shekara 170 ke nan. Ta fuskar daɗewa akwai sabon goro mai ruwa da yawan bauri, akwai daushe na bara wanda ya kwanta ya natsu, baurinsa ya ragu, garɗinsa ya fito, kuɗinsa ya hau. Ta fuskar iri akwai na Gwanja mai ɓari biyu, shi ne goron da Bahaushe ke nufi idan ya ce goro. Akwai hannun ruwa mai ɓari uku ko huɗu ko fiye, wanda yauƙinsa ya sa ba mu cika son sa ba, alhali Yarbawa da Ibo shi suke fifitawa a al'adunsu. Akwai kuma namijin goro mai ɗaci, wanda itacensa ma dabam ne. Ta fuskar launi akwai fari da ja da mai ruwan hoda, kuma mai yiwuwa ne a same su duka a cikin kwanso ɗaya. Ta fuskar asali akwai labuje na ƙasar Nupe, wanda ya yi suna tun zamanin sarakuna, kuma har yau 'yan goro kan kira kaya da sunan garin da aka yi lodinsa. Hatta ƙirga tana da kalmarta, domin ƙwaryar goro ita ce ɗari.

Wannan na goro ne kaɗai. Harshenmu yana da taska ta kalmomin ɗanɗano da ƙamshi wadda ba ta gaza da'irar mutanen Sikotland ba. Ɗaci dabam, bauri dabam: ɗaci na maɗaci ne da shuwaka, bauri kuwa shi ne wanda ke ɗaure harshe ya busar da dasashi, irin na ɗanyar kanya. Tsami dabam, yami dabam. Akwai garɗi na gyaɗa soyayya, akwai maƙaƙi mai tsayawa a maƙogwaro, akwai gafi na ɗanyen wake, akwai zartsi na ruwan wasu rijiyoyi, akwai galmi, akwai lami na abin da ba ya da gishiri ko armashi. A wajen hanci akwai ƙamshi da wari, amma tsakaninsu akwai ƙauri na abin da ya ƙone, da ƙarni na kifi da jini, da hamami, da zarni. Al'ummar da ta ware wa kowane ɗaya daga cikin waɗannan kalma al'umma ce da ta zauna ta lura. Yau kuwa a bakin yawancin yaranmu kalmomi biyu suka rage: da daɗi, ba daɗi.

Ɗanɗanon goro yana da tsari, kuma duk tsohon ɗan goro zai iya nuna shi cikin 'yan mintoci. Da farko ido: fatar ta kasance sumul mai sheƙi, babu tabo baƙi, babu ɗan ƙaramin huji da ke nuna ƙwaro ya shiga. Sai hannu: goro mai kyau yana da nauyi da ƙwari, ba ya lotsawa idan an matsa. Sai kunne: idan aka ɓare shi ya yi ƙara tsaf, ɓarin biyu su rabu ba tare da ja-in-ja ba. Sai a dubi cikin, a kuma kai shi hanci tun bai sha iska ya sauya launi ba, domin a nan ake jin ƙamshin ganyen da aka naɗe shi, ko warin rumar ɗakin da ya kwana, ko abin da ya fi wannan muni. Sannan a gutsuri kaɗan a tauna a hankali. Bauri ne ke fara zuwa, sai ɗan ɗaci, sai su lafa, garɗi ya biyo baya. A ƙarshe a kurɓi ruwa. Goron kirki yakan mayar da ruwan randa tamkar an sa masa zuma, kuma wannan zaƙi na bayan fage shi ne abin da masana ke jira kafin su yanke hukunci. Mai son kwatanta iri biyu ko uku sai ya fara da fari kafin ja, daushe kafin sabo, ya kuskure baki tsakaninsu, ya bar namijin goro a ƙarshe domin ɗacinsa yana rufe komai. Tsohon da haƙora suka gaza ma bai fita daga wannan majalisa ba, magogi yana nan.

Ta yaya wannan sani yake kuɓuce mana? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Matasanmu sun rage cin goro, wasu don gudun jan haƙora, wasu don suna ganin sa abin tsofaffi. Mai neman wartsakewa yanzu lemun gwangwani mai sa kuzari yake nema, ko gahawar gari ta mai shayi, wasu ma, abin takaici, ƙwayar taramol. A wajen ɗaurin aure da suna, alewa da cingam da dabino sun matse goro gefe, wani lokaci ma kuɗi ake bayarwa a ce na goro. Sayen goron biki, wanda a da dattijo ne ke zuwa da kansa ya zauna ya tsinta, ya koma aike ta waya: a turo ƙwarya kaza, a biya ta wayar, mai kabu-kabu ya kawo. 'Ya'yan 'yan goro da yawa sun koma sayar da kayan waya da man fetur da gwanjo, saboda can kuɗi ya fi saurin juyawa. Ba mu zargin kowa da neman abinci. Amma idan sana'a ta rasa magada, ilimin da ke cikinta ya rasa mazauni.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai duniya juyi-juyi ce. Abu uku ne a ciki, kuma kowannensu yana taɓa mu kai tsaye.

Na farko aljihu. Wanda bai san goro ba cinikin biri a sama yake yi. Za a sayar masa da sabon goro da kuɗin daushe, a jera masa marsa a saman kwando a cika ƙasan da minu, a wanke mai yaushi a yayyafa masa ruwa ya yi sheƙi na rabin yini. Uban amarya da ya tara jaka goma da guminsa ya fi kowa buƙatar wannan sani, domin shi ne ba ya da halin sake saye idan an kwance huhu a gaban baƙi aka tarar da sankara. Asarar ma ba ta tsaya ga mai saye ba. Idan masu saye suka daina bambancewa, ɗan goron kirki da ke ɓata kwanaki yana tsinta da sauya ganye ba zai samu ladan wahalarsa ba, sai ya daina. Da haka kasuwa ke lalacewa daga sama har ƙasa.

Na biyu lafiya. Kalmar sankara da likitoci ke amfani da ita yau ga cutar daji daga goro aka aro ta, daga ɓarnar da ke cin sa ta ciki alhali bayansa lafiya lau. Maganinta na gargajiya haƙuri ne da yawan dubawa. Amma an daɗe ana kokawa, musamman a wuraren da ake noma goro da tara shi a kudancin Najeriya, cewa wasu masu ajiya suna taƙaita wahala da maganin ƙwari, har da gamalin, wanda mu mutanen bakin kogi muka san irin ɓarnar da yake yi wa kifi. Sinadarin da ke cikin gamalin yana cikin waɗanda yarjejeniyar duniya ta Stockholm ta sa a jerin haramtattu a 2009. Goro kuwa ba a dafa shi, ba a feraye shi, daga faifai sai baki. Hanci ba ɗakin gwaji ba ne, ba zai kama kowace guba ba, kuma aikin hukuma ne ta binciki abin da ke shigowa. Duk da haka, wanda ya san ƙamshin goro na asali shi ne zai fara tsarguwa idan ya ji baƙon wari ko ɗaci mai ƙuna a harshe, shi ne kuma zai tambayi mai kaya da me aka adana. Mai sayarwa da ya san za a tambaye shi yakan yi hattara.

Na uku harshe, kuma wannan ya fi damun mu a matsayinmu na tsiraru. Yaranmu a Malanville suna tashi da Faransanci a makaranta, da Dandanci a unguwa, da Hausa a gida da kasuwa. Wannan arziki ne, muna kuma alfahari da zaman lafiyarmu da Dandawa da Fulani da sauran maƙwabta, waɗanda su ma goro suke ba mu mu ba su. Hausar ciniki ba za ta mutu a nan ba, domin daga Gaya har Kamba da ita ake saye da sayarwa. Abin tsoro shi ne ta rame, ta koma harshen nawa ne da rage mini. Harshe daga gefen kalmominsa masu laushi yake fara zaizayewa, irin su bauri da maƙaƙi da daushe. Yaron da ake ce wa albishirinka ya amsa da goro, a ce fari ko ja ya ce fari, amma bai san dalilin da ya sa fari ya fi daraja a wajen kyauta ba, ya riƙe kwanso ne, 'ya'yan sun zube. Haka goron sallah da goron gayyata da goron Juma'a za su zama kalmomin da ba su da ƙamshin komai a ransa.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu tana da nauyi. Wasu za su ce bai dace a kawo misalin giya a zancen al'adar Musulmi ba. Amsarmu ita ce mun ɗauki dabarar ne, mun bar abin shan ga masu shi. Ai da ma masu shayi a Sin da masu gahawa a Habasha suna da irin wannan al'ada ta tantancewa. Mun zaɓi misalin Sikotland ne domin ya nuna a fili irin kuɗin da suna da ƙa'ida ke jawowa. Idan har wasu sun gina wa abin da ke gusar da hankali irin wannan gida, mu da namu yake wartsakar da hankali, yake ƙulla aure, yake sulhunta masu faɗa, mene ne uzurinmu?

Wasu kuma za su ce goro ba abinci ba ne, yana hana barci, yana tayar da gyambon ciki, yana sa bugun zuciya, yana cin kuɗin cefane. Gaskiya ne goro yana ɗauke da sinadarin kafin, irin wanda ke cikin gahawa da shayi, kuma mai hawan jini ko ciwon ciki ya kamata ya bi shawarar likita. Sai dai sanin ɗanɗano kishiyar haɗama ne. Wanda ya san goro ɓari ɗaya na daushe ya ishe shi hantsi guda, yana taunawa yana saurare. Mai cika baki da tuƙa daga safe har dare galibi shi ne wanda kowane goro ɗaya ne a wurinsa. Kuma ba sharaɗi ba ne sai mutum ya zama maci goro kafin ya san shi, kamar yadda dillalin shanu ba sai ya zama mahauci ba.

Na uku za su ce lokacin bai dace ba: gari yana cikin matsi, wa ke da sukunin zancen garɗi? Lallai tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, da takunkumin da ya biyo baya, gadarmu ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Manyan motoci sun yi jerin gwano na kilomitoci, kaya sun lalace, jama'a sun koma ƙetarewa da kwalekwale. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, amma ɓangaren Nijar ya ci gaba da zama a rufe. Wannan hali ne ma ya ƙara ƙarfafa ra'ayinmu. Ya nuna mana cewa arzikin da ke wucewa ta gabanmu ba namu ba ne, sa hannun wani a Yamai ko Kwatano ko Abuja yana iya tsayar da shi dare ɗaya. Abin da ba a rufewa da kwantena shi ne abin da ke cikin kai da hannu. Lokacin da Salaga ta faɗi, waɗanda suka san goro ba su faɗi tare da ita ba. Sun ɗauki saninsu sun kai shi Kintampo da Akara da Shagamu.

Me ya kamata mu yi? Ba abu ne mai buƙatar tallafin wata ƙungiya ba. Da farko, mu rubuta. Kowane matashi a wannan shafi yana da waya. Ya je wurin tsohon ɗan goro, ko tsohuwar da ta shekara talatin tana kasa shi, ya gaishe su da ladabi, ya ce Baba ko Inna a koya mini, ya naɗi muryarsu, ya ɗauki hoton kowane iri da sunansa. Za mu tarar da sunayen da ba mu ambata a nan ba, da bambanci tsakanin yadda ake faɗa a Gaya da Kamba da Kandi da Faraku, kuma wannan bambancin shi kansa dukiya ne. Na biyu, duk gidan da zai sayi goron aure ko suna, dattijo ya je da kansa ya tafi da yaro ɗaya ko biyu, a tsinta a gabansu, a ba su su ɓare su shinshina. Na uku, 'yan goro su riƙa faɗin asalin kayansu da lokacinsa da yadda aka adana shi, mu kuma masu saye mu riƙa tambaya, mu yarda mu ƙara ɗan abu a kan wanda aka adana da ganye da haƙuri. Na huɗu, majalisunmu na yamma, inda ake dafa shayi hawa uku, su ware rana guda a kawo goro iri uku ko huɗu a faifai, kowa ya ɗanɗana ya faɗi abin da ya ji da Hausa tsantsa. Gardamar da za ta tashi a wurin ta fi ta ƙwallon Turai amfani.

Kada a ɗauka kare sunan haja abin Turawa ne kaɗai. Hukumar kare mallakar fasaha ta Afirka da ke Yawunde, wadda Benin da Nijar duka mambobinta ne, ta yi rajistar barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru a 2013, da abarbar Allada ta nan Benin a 2020, da kilishin Nijar da albasar Galmi a 2021. Kilishi sana'ar Bahaushe ce, albasar Galmi kuwa muna ganin buhunanta da idonmu. Goro ba ya tsira a ƙasarmu, saboda haka sunan gonarsa na masu gonar ne. Amma matakan darajarsa, daga goriya zuwa minu, daga sabo zuwa daushe, da Hausa aka raɗa su, da Hausa kuma ake ciniki da su daga kurmi har bakin hamada. Ma'auni ne da muka ba Afirka ta Yamma, kuma babu mai rubuta shi idan mu ba mu rubuta ba.

Waɗanda suka san wannan ilimi suna nan da ransu, suna zaune bayan faifansu da jiƙaƙƙiyar algarara, kuma mafi yawansu sun manyanta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ranar kasuwa mai zuwa, kafin mu miƙa kuɗi mu karɓi ƙunshi, mu tsaya mu tambayi wane iri ne, daga ina ya zo, na yaushe ne. Wanda ya samo wani suna ko wata kalma da ba mu kawo ba, ya kawo ta a ƙara a taskar jama'a. Allah Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, Ya ba mu ikon karɓar abin da ke hannunsu tun suna iya miƙawa.